Reyal Saba'in a Titin Santa Ifigênia

Shekara hamsin da biyu ina duniya,
ban taɓa sa wa kunnena komai ba sai 'yan kunne.
Daga Guaianases zuwa tashar Luz
jirgin ƙasa ne makaɗina:
kukan ƙarfe, tarin wani, mai tallar cakulan,
da wa'azin da ban roƙa ba.

Ran Asabar na ƙulle reyal saba'in a gefen jaka,
na gangara titin Santa Ifigênia,
inda kowane shago ke ihu da nasa maƙogwaro,
wayoyi a rataye kamar hanji a rumfar mahauci.

Seu Anísio, mai tabarau ɗaure da zare,
ya dube ni, ya dubi takalmina,
ya auna aljihuna bai tambaya ba.
"Na farko ne?"
Na ce na farko.
Ya ce, "To, kar kwali ya ruɗe ki,
kwali ba ya waƙa."

Ya fara ɗora mini wani ƙato mai laushi,
wai don in san abin da ba zan saya ba.
Birnin São Paulo ya mutu nan take.
Motoci na wucewa kamar kifi a ruwa,
bakinsa na motsi, babu magana.
Na cire da sauri.
Macen da ke dawowa ƙarfe goma na dare
tana bukatar ta ji takun da ke bayanta.
Kuɗinsa ma hayar ɗakina ne,
har da canjin wake.

Sai 'yan ƙanana marasa igiya,
farare kamar haƙoran jariri.
Na hango ɗaya yana faɗawa
tsakanin jirgi da dakali,
ni kuma ina tsaye da maraya a kunne.
Ga caji.
Ni da ke manta tukunya a wuta.

Ya yi dariya, ya sunkuya ƙarƙashin kanta,
ya zaro hedfon baƙi, ba ado, mai igiya.
"Lanƙwasa wuyan wayar ki gani, nan suke fara mutuwa.
Bar shi a kanki minti biyar,
wanda zai ciji kunne ba ya daɗewa bai nuna hali ba.
Kuma kar ki gwada da kiɗan shagona.
Sa wanda kika sani kamar yunwar cikinki."

Abu ɗaya gare ni a waya irin wannan:
babana, can Caruaru, a bakin ƙofa,
yana jan akodiyon, ƙirjinta na numfashi kamar zugazugi.
Ƙanena Josenildo ya ɗauka
shekarar da ruwa ya ƙi zuwa.
Na saurare shi ya fi sau ɗari
ta ɗan bakin wayar nan mai muryar sauro.

Na danna.

Ga babana a kunnen dama,
har da ƙarar maɓallin nan da ke maƙalewa.
Amma a hagu,
can ƙasa, bayan kiɗan,
cokali na bugun gefen tukunya,
yana bin sautin daidai,
sai wata 'yar dariya ta hanci.

Inna.

Shekara tara tana cikin wayata tana girki,
ban sani ba.

Seu Anísio ya juya yana gyara kwalayen da ba su karkace ba.
Da na share fuska ya ce, "Sittin da biyar."
Ban nemi ragi ba,
ni da ke ciniki har a kan albasa.

Biyar ɗin da ta rage na sha ruwan rake a tsaye.

Yanzu kullum da asuba, a tarago na uku,
igiyar na kama maɓallin rigata,
soson hagu ya fara ɓarewa.
Ba na ƙure ƙara.
Ina barin ƙofa a buɗe kaɗan
don in ji an kira Luz,
kar Inna ta wuce da ni.